Albashi da Bashi: Awon Ribar Digirin Adabi

Gabatarwa

Ya zuwa shekarar 2024, mutanen da gwamnatin tarayyar Amurka take bi bashin karatu sun kai wajen miliyan 43, kuma jimlar kuɗin da ake bin su ta haura dala tiriliyan 1.6. Wannan ya sa a can, idan yaro ya ce zai shiga jami'a, iyayensa ba su tsayawa ga tambayar abin da yake sha'awar karantawa, sai sun haɗa da nawa zai ci bashi, nawa kuma zai riƙa samu in ya fito. Ɗaliban da wannan tambaya ta fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu karatun adabi da tarihi da falsafa da harsuna, domin su ne ba a iya nuna wa wani ofis ko wata masana'anta a ce ga inda takardarsu za ta kai su.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin yadda ake yin wannan awo, a ga abin da alƙaluma suka nuna da kuma abin da suka ɓoye. Za a ga cewa lalle akwai tazara tsakanin albashin mai digirin adabi da na injiniya, amma ba kasafai darasin da mutum ya karanta yake jefa shi cikin rami ba. Yawan bashin da sharaɗin biyansa sun fi darasin nauyi a kan ma'auni, sa'an nan ga batun ko an kammala karatun ko an yanke. Maganar kuwa ta daina zama labarin nesa tun daga shekarar 2024, lokacin da Nijeriya ta buɗe nata asusun ba ɗalibai rance.

Wane irin digiri ake nufi?

Sunan da Turawa suke kiran wannan fanni da shi daga Latin ya fito, daga kalmar da take nufin 'yantacce, watau ɗa, kishiyar bawa. A wurin Romawa, ilmin ɗa shi ne wanda ake yi domin a iya magana a majalisa, a yi shari'a, a shugabanci jama'a. Koyon sana'ar hannu kuwa na masu neman abinci ne. A makarantun Turai na tsakiyar zamani an ƙayyade fannonin zuwa bakwai: nahawu da balaga da manɗiƙi, sa'an nan lissafi da ilmin awon siffofi da kiɗa da ilmin taurari. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar zaure ya san ukun farko ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Abin mamaki a nan shi ne, ilmin da aka raɗa wa sunan 'yanci, yau da bashi ake sayensa.

A Amurka ta yau sunan yana ɗauke da ma'ana biyu, kuma wajibi ne a rarrabe su tun da wuri. Ta farko ita ce darussan kansu, irin su adabi da tarihi da falsafa da harsuna, a kowace jami'a aka karanta su. Ta biyu ita ce wasu ƙananan kwalejoji, kamar Amherst da Williams da Swarthmore, waɗanda suke sa ɗalibi ya ɗanɗana kowane fanni kafin ya zaɓi nasa, kuma a cikinsu ana karanta lissafi da kimiyya da tattalin arziki. A wannan maƙala, idan an ce digirin adabi, ma'ana ta farko ake nufi, sai inda aka ambaci kwalejojin da sunansu.

Yadda bashin ya samo asali

A shekarar 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik sararin samaniya, hankalin Amurkawa ya tashi. Cikin 1958 majalisarsu ta yi dokar ilmi domin tsaron ƙasa, wadda ta buɗe wa ɗalibai ƙofar rancen gwamnati. Ko da yake kimiyya da lissafi su ne a gaba, dokar ta ware kuɗi domin koyar da harsunan waje, har da na Afirka irin su Suwahili da Hausa. Ashe a wancan zamani gwamnatin Amurka tana kallon karatun harshe a matsayin makami. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar ilmi mai zurfi, wadda ta faɗaɗa rancen, a 1972 kuma aka ƙirƙiro tallafin da ba a biya, wanda daga baya aka sa wa sunan Sanata Pell, domin 'ya'yan marasa ƙarfi.

Abin da ya biyo baya shi ne kuɗin makaranta ya yi ta hawa fiye da yadda albashin iyaye yake hawa, musamman bayan karayar tattalin arziki ta 2008, sa'ad da jihohi suka rage abin da suke ba jami'o'insu, su kuma jami'o'in suka huce a kan ɗalibai. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin da jami'ar jiha take tallatawa ga ɗan jihar ya kai wajen dala 11,600 a shekara, na jami'a mai zaman kanta kuwa ya haura dala 43,000, ban da ci da makwanci. Sai dai kuɗin da aka tallata ba shi ne kowa yake biya ba. Kamar farashin farko ne a bakin ɗan kasuwa. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa suna yi wa sababbin ɗalibai rangwamen da ya kai rabi ko fiye.

Gwamnati ta sa wa mai neman digirin farko iyaka. Ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa zai iya karɓar dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a kowace shekara bayan nan, jimla ba ta wuce 31,000 ba. Kimanin rabin masu kammala digirin farko ne suke fita da bashi, kuma matsakaicin abin da ake bin su yana kusa da dala 30,000. Rancen yana da ruwa. Wanda ya karɓa a 2020 ya sami kashi 2.75 cikin ɗari, wanda ya karɓa a 2024 kuwa kashi 6.53 aka ɗora masa. Idan aka ɗauki dala 30,000 a kan ruwan kashi 6.5, za a biya cikin shekara goma kamar yadda tsarin asali ya tanada, to abin biya a kowane wata dala 340 ne, jimlar da za a biya kuwa ta kusa dala 41,000.

Akwai wani abu da ya bambanta wannan bashi da sauran basussuka. A dokar Amurka, wanda ya karye yana iya zuwa kotu a yafe masa bashin kanti ko na asibiti, ya sake sabon lale. Bashin karatu kuwa, tun daga 1976 majalisa ta yi ta ƙara ɗaure shi, har ya zamana da ƙyar kotu take sauke wa mutum shi. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Ɗaya gefen ma'auni

Cibiyar Nazarin Ilmi da Ƙwadago ta Jami'ar Georgetown, wadda Anthony Carnevale ya jagoranta a da, ta daɗe tana lissafin abin da masu takardu iri iri suke samu. Ma'aunin da take amfani da shi shi ne mutumin tsakiya, watau idan aka jera ma'aikata daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, sai a ɗauki wanda ya faɗo tsakiyar layi. A rahotonta na 2021 ta nuna cewa mai takardar sakandare yana samun wajen dala miliyan 1.6 a tsawon rayuwarsa ta aiki, mai digirin farko kuwa miliyan 2.8. Da aka rarraba bisa fanni, injiniyoyi da masu zanen gine-gine suka zo a sama da miliyan 3.8, masu digirin adabi da dangoginsa suka tsaya a kan miliyan 2.4, malaman makaranta suka zo ƙasa da su da miliyan 2.

Mutum biyu za su iya duban waɗannan alƙaluma kowa ya tafi da abin da ya zo nema. Ɗaya zai ce mai digirin adabi ya yi asarar dala miliyan 1.4, tun da injiniya ya fi shi da haka. Ɗayan zai ce ya ci ribar dala 800,000, tun da ya fi mai takardar sakandare da haka, kuma bashin dala 41,000 ba komai ba ne a gaban wannan. Dukkansu akwai gyara a maganarsu.

Na farko ya ɗauka cewa duk yaron da ya zaɓi tarihi da ya so da ya zama injiniya, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Ɗalibai masu yawa da suke fara karatun injiniya ko kimiyya a Amurka suna canja fanni kafin su gama, wasu ma su bar jami'ar ɗungum. Wanda kansa ya fi ja a nazarin harshe, idan aka tilasta masa lissafi, ba lalle ne ya zama injiniyan tsakiyar layi ba. Yana iya zama na ƙarshen layi, ko ma ya kasa kaiwa layin. Alƙaluman cibiyar kansu sun nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na sama a cikin masu digirin adabi sun fi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasa a cikin injiniyoyi samun kuɗi. Tazarar da ke cikin fanni guda takan yi faɗi ƙwarai, har ta haɗiye wani sashe na tazarar da ke tsakanin fannoni.

Na biyu kuwa ya manta da abubuwan da ya kamata a cire daga ribar. Shekara huɗu da ɗalibi ya yi a aji, takwaransa yana aiki yana karɓar albashi. Akwai kuɗin makarantar da iyaye suka biya daga aljihunsu, wanda bai shiga lissafin bashi ba. Dalar da za a samu bayan shekara talatin ba ta yi daidai da dalar da aka kashe yau ba. Daɗin daɗawa, yaran da suke kaiwa jami'a galibi sun fito daga gidajen da suka fi hali, ko makarantun da suka fi kyau, saboda haka wani sashe na fifikon da ake gani a albashinsu da ma suna da shi ko da ba su yi digiri ba. Bayan an cire duk waɗannan, ribar tana raguwa sosai. Amma ga mutumin tsakiya wanda ya kammala da matsakaicin bashi, ba ta ƙarewa.

Matsalar lokaci

Inda awon ya fi ban sha'awa shi ne idan aka shigar da lokaci. Injiniya da masanin kwamfuta suna fara aiki da albashi mai tsoka, domin sun fito da sana'ar da kamfani yake bukata ranar nan. Mai digirin adabi yakan yi shekara biyu ko uku yana laluben ƙofa, ya yi aikin kanti, ya koyar, ya shiga kamfanin talla, kafin ya sami wurin zama. A 2020 masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Harvard, David Deming da Kadeem Noray, suka wallafa binciken da ya nuna cewa fifikon albashin masu digirin kwamfuta da injiniya ya fi girma a farkon aiki, sa'an nan ya riƙa raguwa da sauri cikin shekaru goma na farko. Dalilin da suka bayar shi ne fasahar da aka koya a aji tana tsufa, sababbin ɗalibai su fito da sabuwa, yayin da iya rubutu da iya magana da iya tafiyar da jama'a suke ƙara daraja idan mutum ya kai matsayin shugabanci.

Masu kare darussan adabi suna yawan kafa hujja da wani rahoton Georgetown na 2020 a kan ƙananan kwalejojin nan da aka ambata a baya. Rahoton ya nuna cewa shekara goma bayan shiga, ribar ɗalibinsu na tsakiya wajen dala 62,000 ce, ƙasa da ta sauran makarantu. Bayan shekara arba'in kuwa ta kai dala 918,000, ta wuce ta sauran da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Hujjar tana da daɗin ji, amma ya kamata a riƙe ta da hannu biyu. Kwalejoji aka auna, kuma a cikin ɗalibansu akwai masu tattalin arziki da lissafi, akwai kuma 'ya'yan masu hannu da shuni da suke da wanda zai buɗe musu ƙofa. Haka nan wani rahoto na 2014 da ƙungiyar kwalejoji da jami'o'in Amurka ta fitar ya nuna cewa a tsakanin shekara 56 da 60 na haihuwa, masu digirin adabi da na zamantakewa sun ɗara masu digirin sana'a, irin su kasuwanci da jinya, da wajen dala 2,000 a shekara. Sai dai da yawansu sun ƙara digiri na biyu, wasu sun zama lauyoyi, kuma wannan ƙarin karatu shi ma da kuɗi aka yi shi. Injiniyoyi kuwa har a wannan shekaru suna gaba.

Abin da ya tabbata dai shi ne ribar digirin adabi a makare take zuwa, bashi kuwa da sassafe yake sallama. Wata shida bayan kammalawa ake fara biya, kuma shekaru goman biya su ne daidai shekarun da albashin ya fi ƙanƙanta. A ɗauki misalin matasa biyu da ake bin kowannensu dala 30,000. Mai albashin dala 40,000 a shekara, dala 340 ta cinye fiye da kashi goma cikin ɗari na samunsa na wata, tun kafin a cire haraji da kuɗin haya. Mai albashin dala 75,000 kuwa, abin bai kai kashi shida ba. Bashi ɗaya ne, amma ɗaya yana jinkirta aure da sayen gida saboda shi, ɗayan bai ma cika tunawa da shi ba. Wannan ne ya sa masu ba ɗalibai shawara a Amurka suke cewa kada jimlar bashi ta wuce albashin shekarar farko da ake sa ran samu.

Inda ramin yake

Da za a tambayi mutum wane ne ya fi kasa biyan bashin karatu, zai ce wanda aka fi bi da yawa. Alƙaluman gwamnatin Amurka sun nuna akasin haka. Waɗanda ake bi ƙasa da dala 10,000 suna cikin waɗanda suka fi gazawa, domin yawancinsu shekara ɗaya ko biyu suka yi suka yanke karatu. Sun fita da bashi babu takarda, kasuwar aiki kuwa ba ta biyan rabin digiri. Wanda bai kammala ba ya ninka wanda ya kammala kusan sau uku wajen yiwuwar kasa biya. Kuma ba 'yan kaɗan ba ne: kusan huɗu cikin goma na masu shiga neman digiri ba su gama shi cikin shekara shida.

Rami na biyu shi ne makarantun da aka kafa domin neman riba. Kamfanin Corinthian ya rushe a 2015, ITT ya bi bayansa a 2016, suka bar dubban ɗalibai da bashi da takardun da masu ɗaukar aiki ba su darajantawa, har daga baya gwamnati ta yafe wa ɗalibansu biliyoyin daloli. Yana da kyau a tuna cewa waɗannan makarantu ba falsafa suke koyarwa ba. Darussan da ake kira masu amfani suke tallatawa, irin su gyaran kwamfuta da aikin asibiti.

Rami na uku shi ne ya shafi masu adabi kai tsaye, watau digiri na biyu. Daga 2006 gwamnati ta ba masu karatun gaba da digirin farko damar cin bashin duk abin da jami'a ta ce karatun zai ci, babu iyaka. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta bincika alƙaluman gwamnati ta gano cewa waɗanda suka ci bashi domin digiri na biyu a fannin shirya fim a Jami'ar Columbia, na tsakiyarsu ana bin sa dala 181,000, kuma shekara biyu bayan kammalawa rabinsu ba su samun dala 30,000 a shekara. A irin wannan hali babu wani lissafin shekara arba'in da zai ceci mutum, domin ruwan bashin kaɗai ya isa ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu a watan Yuli na 2025 ta tanadi rufe wannan ƙofa ga sababbin masu karɓa daga tsakiyar 2026, ta kuma tanadi hana rancen gwamnati ga kwas ɗin da ɗalibansa suka ci gaba da samun ƙasa da masu takardar sakandare.

'Yan siyasa sun fi son sauƙaƙan labari. A Janairun 2014 Shugaba Obama ya faɗa wa ma'aikatan wata masana'anta a jihar Wisconsin cewa mai sana'ar hannu yana iya fin mai digirin tarihin zane-zane samun kuɗi, daga baya ya rubuta wasiƙar ba da haƙuri. A 2015 Sanata Marco Rubio ya ce ƙasarsa ta fi bukatar masu walda a kan masana falsafa. Maganar ta shiga kunnen iyaye. Yawan masu digirin Ingilishi da tarihi ya faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin uku a cikin shekaru goma bayan 2012, kuma a 2023 Jami'ar West Virginia, da giɓin dala miliyan 45 ya matsa mata, ta soke kwas 28, har da dukkan digirorin harsunan waje.

Idan an canja sharaɗin biya

Tun da matsalar lokaci ce ta fi cutar da mai digirin adabi, wasu ƙasashe sun ɗaure biya da samu. Ostareliya ce ta fara a 1989, bisa tsarin da masanin tattalin arziki Bruce Chapman ya shirya: ba a cire wa mutum komai sai albashinsa ya kai wani mataki, kuma hukumar haraji ce take cirewa. Ingila ta bi wannan hanya. A 1998 ta fara karɓar fam 1,000 a shekara, a 2006 ya koma 3,000, a 2012 ya yi tsalle zuwa 9,000, a 2025 ya kai 9,535. Ɗalibin da ya shiga daga 2023 zai riƙa biyan kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura fam 25,000 a albashinsa, abin da ya rage bayan shekara arba'in kuma a shafe shi. Wanda ke samun fam 30,000, alal misali, fam 450 zai biya a shekara, ko nawa ake bin sa.

A ƙarƙashin irin wannan tsari, ɗalibin Ingila yakan fita da bashin da ya fi na takwaransa na Amurka yawa, amma ba ya fargabar a yi masa sallama a watan da ba shi da aiki. Hasarar ta koma kan baitulmali. Nan ne gwamnati ta fara nata lissafin. Cibiyar binciken haraji ta IFS da ke Landan ta ƙiyasta a 2020 cewa, bayan an cire haraji da biyan rance, digiri yana ƙara wa namiji wajen fam 130,000 a rayuwarsa, mace kuwa 100,000, amma kimanin ɗalibi ɗaya cikin biyar da bai je jami'a ba da ya fi masa riba ta fuskar kuɗi. Likitanci da tattalin arziki su ne a sama. Ga mata masu digirin harsuna ko na zane da kiɗa, ribar ta kusa zama babu. Wannan sakamako ba mai daɗi ba ne ga ɗalibin harshe, kuma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba.

Ostareliya ta ɗauki mataki a 2021, ta ninka kuɗin karatun tarihi da falsafa fiye da sau biyu, zuwa dalar ƙasar 14,500 a shekara, da nufin kora ɗalibai zuwa wasu fannoni, ko da yake ta rage na harsuna da koyarwa da jinya. Binciken da ya biyo baya ya nuna ɗalibai kaɗan ne suka canja ra'ayi. Yawancinsu sun karanta abin da da ma suka yi niyya, sai dai bashinsu ya ƙaru.

Rancen Nijeriya

Wannan ba shi ne karon farko da Nijeriya ta gwada ba ɗalibai rance ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar rancen ɗalibai a 1972, rashin biya ya durƙusar da ita. Bankin Ilmi da aka yi wa doka a 1993 shi ma bai yi nisa ba. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar doka, a daidai shekarar da jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista ninkin ba ninkin. Dokar ta zo da sharuɗɗa masu tsauri, har da kawo masu tsayawa biyu da nuna cewa samun gida bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai aka soke ta aka yi wata a Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa. Asusun NELFUND ya fara karɓar buƙatu a watan Mayu na shekarar. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantun gwamnati, kuma an fara da ba mai so naira 20,000 a wata domin ɗawainiya.

Idan aka ɗora wannan rance a kan ma'aunin da aka yi amfani da shi a sama, za a ga ya fi kama da na Ingila, har ma ya fi shi sauƙi. Ba shi da ruwa. Ba a fara biya sai bayan shekara biyu da gama hidimar ƙasa, kashi goma cikin ɗari ake cirewa daga albashi, wanda kuma bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa. A ɗauka ɗalibin Sashen Hausa ya karɓi naira 100,000 ta rajista da 240,000 ta ɗawainiya kowace shekara. Bayan shekara huɗu ana bin sa naira 1,360,000. In ya sami aikin koyarwa a kan naira 100,000 a wata, za a riƙa cire 10,000, biyan ya ɗauke shi shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni. Tsadar kaya kuwa, wadda ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, a nan tana bayan mai cin bashi. Ko da kashi 15 kawai farashi ya riƙa hawa a shekara, nairar da aka ranta a shekarar farko ba za ta kai kashi 40 cikin ɗari na darajarta ba bayan shekara bakwai, lokacin da za a fara biya.

Saboda haka ramukan da suka rage wa ɗalibin Nijeriya su ne yanke karatu da bashi a wuya, da kuma shekarun da yajin aiki yake ci, kamar wata takwas ɗin da ASUU ta yi a 2022. Babban haɗarin yana kan asusun kansa. Cire kashi goma yana da sauƙi a wurin malamin makaranta ko ma'aikacin gidan rediyo, waɗanda albashinsu yake bi ta banki da takarda. Amma binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Nijeriya suna yinsa ne a wajen tsarin ofis da rajista. Marubucin fim a Kano, da mai fassara da ake biya bisa shafi, da mai sayar da littattafai, dokar ta bar musu su kai kason nasu da kansu. Rancen da aka ba ɗaliban ajin ƙarshe a 2024 shi ne zai fara nuna ko za su kai, domin wa'adin biyansa zai cika ne wajen 2027 zuwa 2028.